Kunnen Malam Nasidi Mai-keke

Cikin wannan makon mahaifina, Malam Nasidi Mai-keke na Zaitawa, yake cika shekara ashirin da komawa ga Mahaliccinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Jikokin da ya bari a goye yau wasunsu suna ɗakunan mazajensu, telolin da suka san shi kuwa kaɗan ne suka rage a cikin birni. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, kullum sai in ce me zan faɗa wa mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Bai riƙe sarauta ba, bai tara dukiya ba. Bana dai na ga in na ci gaba da yin shiru, abin da ya same shi da yadda ya ɗauke shi za su tafi tare da mu da muka gani.

Keken da ke cikin laƙabinsa keken ɗinki ne. Gyaransa yake yi, a wata rumfa da ke bakin lungunmu, kuma har daga kasuwar Kurmi ake ɗauko masa aiki. Abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara shi ne ba ya fara taɓa keke da hannu. Tela zai sauke kekensa ya soma dogon bayani, sai Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Taka in ji." Tela ya taka, shi kuma ya rufe ido ya karkata kai kamar mai sauraron gaisuwa daga nesa. Kafin a yi ɗinkin taƙi guda ya faɗi inda ciwon yake: bel ya saki, ko allura tana gogar ƙarfe, ko ƙishin mai ne kawai. Yakan ce kowane keke da muryarsa, kuma keke ba ya ƙarya.

Bayan keke, abin da ya fi so a duniya shi ne magana. Rediyonsa a rataye take a jikin ƙusa tun safe. Da la'asar sakaliya abokansa su taru a gindin rumfar, a baje labarin duniya. A shekarun da sojoji suke mulki na sha ganin dattawan nan suna rage murya in hira ta zo wani wuri, wani ma har ya waiwaya ya dubi bakin lungu. Abin yana ci wa Baba rai. Ya sha cewa, "Allah ya nuna mana ranar da mutum zai faɗi ra'ayinsa bai waiwaya ba." Da aka sanar za a yi zaɓe a miƙa mulki ga farar hula, ya fi kowa murna a unguwar. Har sabon batir ya saya ya ajiye.

Saura 'yan watanni a yi zaɓen abin ya faru. Ni a lokacin ina aure a Ƙofar Na'isa, ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare. Ina cikin aji aka aiko in je gida maza. Abin da mahaifiyata, Inna, ta gaya mini shi ne, Baba ya dawo daga rumfa da hantsi yana kukan ciwon kai, ya ɗan kishingiɗa. Da ya tashi ta kawo masa fura, ta ce ya sha kafin ta yi tsami. Sai ya dube ta ya ce, "Rabi, wane yare ne kuma wannan?" Ta ɗauka wasa yake, ta maimaita. Ransa ya ɓaci. Ya jawo rediyo ya kunna, ya murɗa ta daga wannan tasha zuwa waccan, ya ce ita ma ta lalace.

Da na shiga na same shi zaune a tsakar gida, ya kwance bayan rediyon, ƙananan kusoshi a zube cikin faranti. Yana ganina ya ce, "Yawwa Uwani, gara da kika zo. Gaya wa uwarki ta bar wasan nan."

Na durƙusa na ce, "Baba, lafiya kuwa? Me yake damunka?"

Ya zuba wa bakina ido. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar.

Makonni uku da suka biyo baya su ne nake jin kunyar tunawa. Hannunsa da ƙafarsa lafiya lau, bakinsa bai karkace ba, maganarsa tana fita tar, don haka babu wanda ya kawo shanyewar jiki a ransa. Da farko muka ce kurumta ce. Duk wanda ya zo dubiya sai ya kafa baki a kunnensa ya kwarma ihu, shi kuma ya toshe kunnen yana cewa, "Ku bari mana! Ni ba kurma ba ne, ina jin ku!" To in kana jin mu, me ya sa ake tambayarka jiki kana ba da labarin keke? Daga nan zance ya juya. Ƙaninsa, Baffa Isa, ya ce shafar iska ce. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. A bakin rijiya kuwa mata suka fara raɗa cewa kan Malam Nasidi ya taɓu. Baffa Isa, cikin tausayi da son rufin asirin ɗan'uwansa, ya sa aka rufe rumfar, ya ce kada a bar shi ya riƙa fita. Baba ya koma zaman soro, daga alwala sai tagumi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma dukanmu a cikinsa muke, har da ni da ake kira malama.

Wanda ya fitar da mu makwabcinmu ne, Sabo tela, wanda shagonsa yake manne da bangon soronmu, shi ma bai san ya yi ba. Wata Asabar da safe ina zaune gefen Baba, kowa ya yi jugum, keken Sabo yana ta kuka ta bayan bango. Sai na ga Baba ya ɗaga kai ya karkata shi irin yadda ya saba. Ya miƙe ya leƙa waje ya ɗaga murya: "Sabo! Tsaya haka nan, za ka karya allura! Gidan zaren ƙasa ya goce!" Bai jira amsa ba ya shiga shagon, ya ture Sabo gefe, ya kwantar da kan keken. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Cikin ɗan lokaci ya gyara, ya taka da kansa, ya saurara, ya gyaɗa kai.

Sabo ya dube ni ya ce, "Malama, wallahi kurma ba zai ji wannan ba. Ni da nake kan keken ban ji ba. Kuma mai taɓin hankali ba zai gyara shi haka ba."

A kan teburin Sabo akwai takardar da yake rubuta awo da wani guntun fensir. Ban san abin da ya sa na ɗauka ba. Na rubuta, "Baba, me kake ji in muna magana?" na miƙa masa. Ya ɗan jima bai karɓa ba. Da ya karɓa ya karanta a fili, tiryan-tiryan, sai ya nemi benci ya zauna, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe da saura." Daga baya ya gaya mini tun ranar da abin ya same shi bai buɗe ko Alƙur'aninsa ba, don tsoron kada ya tarar baƙaƙen ma sun juya masa baya. Ya ce in da hakan ta faru, bai san yadda zai yi da ransa ba.

A shagon nan ya yi mini bayanin da har yau nake riƙe da shi. Ya ce yana jin komai. Yana jin tafiyar Inna ya san ita ce, yana jin akuyar gidan Sabo ya bambanta ta da tamu, yana jin an sauke guga a rijiya. In mutum ya yi magana ya san mutum ne, ya san namiji ne ko mace, har yakan gane wane ne, ya kuma san ko fushi yake ko tambaya. Kalmomin ne kawai suka narke. Ya ce, "Kin san in tasha ba ta kamu sosai ba, kina jin ana magana amma ba ki tsinci ko ɗaya ba? To duk garin nan ya zama haka."

Da wannan takardar muka je babban asibiti, muka dace da wata likita mai haƙuri, Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Ta zaunar da shi ta koma bayansa. Ta kaɗa makullai, ya ce makullai. Ta tsiyaya ruwa a kofi, ya ce ruwa. Ta yaga takarda, ta yi tari, ta ƙwanƙwasa tebur, duk ya faɗa, har yana murmushi kamar an raina masa wayo. Sannan ta ce, a hankali, "Malam, yaya sunanka?" Sai ya ce, "Likita ce ta yi magana. Kamar tambaya ta yi." Iyakar abin da ya samu ke nan.

Bayan an yi hoton kansa ta zaunar da ni da Baffa Isa. Ta ce kunnensa lafiyarsa ƙalau, ya ma fi na wasu samari. Aikin kunne ɗauko ƙara ne kawai ya kai ciki. Ƙwaƙwalwa ce take zama ta rarraba, kamar mace mai tsintar shinkafa: wannan kukan dabba ne, wannan ƙarar inji ce, wannan kiɗa ne, wannan kuma maganar ɗan Adam ce. In ta ware magana, akwai wani wuri na musamman da yake yanka ta gunduwa-gunduwa, ya tantance kowane sauti da sauri, kafin a kai ga ma'ana. Hawan jini ne ya toshe jijiyar da ke ciyar da wannan wurin a kan Baba. Ta ce da alama ya taɓa samun wani ƙaramin bugu a baya ba a lura ba, wannan ne na biyu. Sauran ma'aikatan duk suna bakin aikinsu, shi ya sa yake magana, yake karatu, yake jin keke. Ta ce ba ta da maganin da zai dawo da abin da ya tafi. A kula da jininsa, a riƙa fuskantarsa in za a yi masa magana, a yi a hankali, abin da ya fi muhimmanci kuma a rubuta.

Na koma aji da wani sabon kunne. Shekara da shekaru ina koya wa yara bambancin kafa da ƙafa, da bari da ɓari, ban taɓa tsayawa na yi mamakin cewa sun zo da shi tun daga gida ba, rubutawa kawai nake koya musu. Akwai wata 'yar bautar ƙasa daga kudu da aka turo mana, yarinya mai kaifin basira, amma in na ce mata daka sannan na ce ɗaka sai ta rantse abu ɗaya na faɗa sau biyu. Mu ma haka take yi mana dariya a kan wasu sautukan Turanci da muke haɗewa. Kunnuwanmu iri ɗaya ne, ƙwaƙwalwar kowa ce ta saba da ma'aunin harshen da ta tashi a ciki. Kuka ta itace da kuka na hawaye, ɗan hawa da saukar murya ne ya raba su, amma ɗan shekara uku ba ya ruɗewa. Wannan aikin ana yi mana shi dare da rana ba mu sani ba, ba mu taɓa cewa an gode ba. Sai da aka ɗauke wa mahaifina na san kyauta ce.

Shi kuwa Baffa Isa, da muka dawo daga asibiti bai ɓata lokaci ba. Washegari da sassafe shi da kansa ya buɗe rumfar, ya share, ya bi teloli shago-shago yana gaya musu yayansa lafiyarsa lau, su kawo aiki. Ba ƙaramin mutum ne yake iya warware maganarsa a bainar jama'a ba, kuma ban manta masa ba. Aiki ya dawo. Da ma Baba ba ya sauraron bayanin teloli, saboda haka a rumfa kusan babu abin da ya canja.

A cikin gida ne asarar take. Ni ina rubuta masa da boko, wanda ya koya a ajin yaƙi da jahilci, abokansa suna yi masa da ajami. Inna kuwa ba ta iya ko ɗaya ba. Ta haddace surorinta da ka tun tana yarinya, tana gane baƙaƙe in ta gani a Alƙur'ani, amma ba ta taɓa riƙe alƙalami ta haɗa kalma ba. Mutanen da suka shekara talatin da biyar suna hira, yanzu shi yana yi mata magana, ita sai nuni da hannu kamar baƙuwa. In tana da zance sai ta jira na zo ta faɗa mini in rubuta. Wata rana ta fara faɗa, ta tsaya, ta ce, "Bar shi kawai, Uwani. Akwai maganar da ba a aikawa ta hannun 'ya." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na kawo wa Baba wani ƙaramin allo baƙi na makaranta da alli, don takarda tana ƙarewa. Ran nan bayan azahar Inna ta ɗauko allon ta dire a gabansa, ta zauna, ta nuna allon, ta nuna ƙirjinta. Ya gane nufinta. Sannan ya gyara zama ya ce, "To, bismilla. Gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi."

Ban taɓa ganin makaranta irin wannan ba. Malami yana magana, ɗaliba tana ji, amma in ta yi tambaya ba ya jin ta. Ya fara mata da babbaƙu, yana kiran sunan kowane harafi yana zana shi, ita tana kwaikwaya da hannun da ya saba da muciya. In ta rasa gane wani abu sai ta ɗaga allon ta ɓata fuska, shi kuma ya yi ta bayanin abin da ba shi ta tambaya ba. Sun yi faɗa ba sau ɗaya ba. Na taɓa zuwa na tarar da alli a warwatse a tsakar gida, Inna tana daka da ƙarfin da ya wuce na hatsin da ke turmin, Baba yana soro yana cewa shi bai taɓa ganin ɗaliba mai taurin kai irin wannan ba. Da azahar ɗin gobe suka koma. Daga babbaƙu suka shiga farfaru, ta koyi ɗora wasali, ta fara haɗa sunayen abubuwan da ke gabanta: tuwo, gishiri, ƙofa.

Wajen wata huɗu ana haka. Ina nan ranar da ta rubuta maganarta ta farko wadda ba shi ya yi mata shifta ba. Ta juya masa baya ta daɗe tana gogewa tana sakewa, harshenta a waje kamar 'yan ajina. Ni da shi muna ta jira, na ga har ya gyara hula. Ta miƙa masa. Ya karanta a fili kamar yadda ya saba: "Malam ka rage murya makwabta suna ji." Tun da ciwon ya same shi da ƙarfi yake magana bai sani ba, kuma wata huɗu ke nan abin yana cin ta. Ya yi dariya har hular ta faɗi, ya yi ta yi har dariyar ta koma wani abu, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Na tashi na ba su wuri.

Ana cikin haka zaɓe ya zo. Motoci masu lasifika suka cika birni, kowa da bakinsa, a majalisa babu mai waiwaye. Ranar da Baba ya yi shekaru yana roƙo ta zo, ta same shi ba ya tsintar ko kalma. Abokansa sun yi ƙoƙari, amma hirar majalisa ba ta rubutuwa, kafin a rubuta masa abin da ya ba da dariya an wuce shi da zance uku. Yakan yi dariyarsa a makare, shi kaɗai. Sannu a hankali ya daina zama, in sun taru sai ya ce yana da aiki. Wannan ciwon bai warke ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ba zan ce ya warke ba don in gyara labari. Amma ya je ya bi layi ya jefa ƙuri'arsa, ya dawo yana nuna wa Inna tawadar da ke yatsansa. Ranar da aka miƙa mulki na zauna kusa da rediyo ina rubuta masa abin da ake faɗa har hannuna ya gaji. Ya dafa allon ya ce, "Huta, Uwani. Ina jin ihun mutane. Ya ishe ni."

Da kalmomi suka tafi, sai ya koma sauraron mutane yadda yake sauraron keke. Wani mai neman kansila ya taɓa zuwa soronmu neman albarka, ya yi ta zuba ba a gaya masa halin da ake ciki ba. Baba yana gyaɗa kai. Da ya fita ya ce mana, "Ban san me ya ce ba, amma bel ɗinsa ya saki. Muryarsa tana gudu ta bar numfashinsa a baya." Ba kullum yake dacewa ba. Ya taɓa kwana biyu yana damuwa wai maigidana yana fushi da shi, alhali mura ce take damun bawan Allah. Amma ni bai taɓa kuskure a kaina ba. In na yi sallama yakan ce, "Wa ya taɓa ki?" tun ban cire takalmi ba. Kiran salla da karin muryar ladan yake gane shi, a sahu kuma da kabbarar liman. A wani bikin danginmu mai kalangu ya hango shi ya saki taken gidansu, wanda ake yi wa kakansa. Sai ga Baba yana bin kiɗan da baki, kalma bayan kalma. Ya juyo ya ce mini, "Kin gani? Ganga ce kaɗai take yi mini Hausa yanzu."

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Yau kowa da abu a toshe a kunne, saƙo ma an daina rubutawa, sai dai a danna a yi magana a tura. Da yana nan da wannan ya ƙara rufe masa ƙofa. Amma kwanakin baya jikata ta nuna mini yadda waya take sauraron magana ta mayar da ita rubutu nan take. Hausar wayar ba ta nuna ba tukuna, tana haɗa kafa da ƙafa kamar waccan 'yar bautar ƙasa, duk da haka na riƙe wayar ina tuna Baba. Da ya samu wannan da ya koma majalisa. Na san kuma da sai ya nemi sukudireba ya kwance ta ya ga abin da ke cikinta. Shirye-shiryen siyasa da ake yi a rediyo yanzu, inda mutum biyu suke ihu lokaci guda, ina jin da ya ce an samu abin da aka roƙa, saura a roƙi masu saurare. Abin da na tabbata zai ɓata masa rai shi ne har yau ana ɗaure irinsa a ɗaki ana cewa iska ce. Don haka ga roƙona ga mai karatu: in wani naka ya wayi gari yana cewa yana ji amma ba ya ganewa, kada ka yi masa ihu a kunne. Ka kai shi asibiti a ranar, ba bayan mako uku ba kamar mu, ka kuma miƙa masa takarda.

Shekara shida ya yi a haka. Ciwon ƙarshe kwana huɗu ya yi masa. Ranar da zai tafi, da hantsi, muna ɗakinsa ni da Inna da Baffa Isa. Numfashinsa ya canja, Baffa ya sunkuya a kunnensa yana maimaita masa kalmar shahada, kamar yadda ake yi wa kowa. Idon Baba a buɗe yake, yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, yana neman abin da ake ce masa. Ni kuka ya hana ni tunani. Inna ce ta tashi, ba gudu ba, ta ɗauko allon daga inda yake jingine, ta goge shi da gefen mayafinta. Ta rubuta kalmar shahadar da manyan baƙaƙe, ta ɗora kowane wasali a wurinsa, ta durƙusa ta riƙe allon daidai idonsa. Na ga idon ya tsaya. Ya bi layin daga dama zuwa hagu, leɓensa ya motsa, ya karanta a fili kamar yadda ya saba karanta duk abin da ta rubuta masa. A karon nan muryarsa ƙasa-ƙasa take. Bai sake cewa komai ba.

In aka auna abin da mutum ya bari da abin da ake rabawa, Baba bai bar abin kirki ba, akwatin kayan aiki ne da 'yan riguna. Ni ma'aunina daban ne. Ina godiya ga Allah da ya ɗauki abu ɗaya ya bar masa sauran, ina godiya ga Sabo da likitar nan da Baffa, ina kuma godiya ga shi kansa da bai bar baƙin ciki ya mayar da shi abin tausayi ba. Inna tana nan da ranta, ta haura tamanin. Bayan ta fita takaba matan lungu suka fara zuwa tana koya musu rubutu bayan azahar, wasu sun girme ni. Baba yana da wata ɗabi'a a rubutunsa, yakan ja wutsiyar lam ta yi tsawo ta karkata, malamai ma sun sha yi masa tsiya a kai. Haka ya koya wa Inna, ita ma haka ta koyar, don ba ta san akwai wata hanyar ba. Watan jiya wata tsohuwa da ba ta taɓa ganinsa ba ta aiko mini da 'yar takarda tana gayyatata sunan jikanta. Na buɗe, sai ga hannun mahaifina.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya jiyar da shi mafi daɗin sallama, wadda zai gane kowace kalma a cikinta.